Fayil yana nan, bincike ya ce babu

Tambaya: Malam, Windows 10 nake amfani da ita. In na nemi fayil sai ta ce babu, alhali yana faifan D.

Amsa: Windows ba ta bin faifai gaba ɗaya in ka nema, kundin da ta tara take dubawa, wato Windows.edb. A tsarin bincike na Classic kuwa, wato wanda Windows ke zuwa da shi, D ba ya cikin kundin. Shiga Control Panel, buɗe Indexing Options, danna Modify, ka sa wa D alama. In ta ci gaba da gardama, kundin ne ya lalace: danna Advanced, sannan Rebuild. Jona kwamfutar da wuta ka ƙyale ta, sake ginin kan ci sa'o'i. Ka leƙa services.msc ma, wato jerin ayyukan da Windows ke gudanarwa a bayan fage, kar a ce Windows Search a kashe yake.