Sulken baraden fim da sulken gaske

Yarona, ka ce ka kalli fim ɗin nan na baraden Salibiyya da suka ɗauko wata yarinya da ake zargi da maita a cikin keken doki, a lokacin annoba, kana tambaya ko sulken da ke jikinsu irin wanda muke gyara wa mahaya hawan salla ne. Ajiye awartakin ka saurara.

Mafi yawan sulken fim ba ƙarfe ba ne. A da, masu kayan fim igiya suke saƙawa su fesa mata fenti ruwan azurfa. Daga baya wasu masu sana'a a ƙasar New Zealand suka riƙa yanka bututun roba zobe-zobe suna sarƙawa da hannu, wasu kuma alminiyam suke amfani da shi. Ban ga laifinsu ba, ɗan wasa zai wuni yana maimaita faɗa ɗaya a gaban kyamara. Amma kai da kake koyon aikin, dole idonka ya rarrabe. Dubi kafaɗa. Sulken gaske yana kwanciya a jiki, yana jan kafaɗa ƙasa, in mutum ya juya gindin rigar sai ya biyo shi a makare. Na igiya tsaye yake ƙiƙam, kuma ba ya kacau-kacau sai wanda aka ɗora masa daga baya.

Yanzu ga yadda na gasken yake. A ja waya, a naɗe ta a jikin sanda, a yanka zobba. Kowane zobe a haɗa bakinsa biyu ɗaya kan ɗaya, a daddale a kan uwar maƙera, a huda, a sa 'yar ƙusa da ba ta kai ƙwayar gero ba, a matse. Zobe ɗaya yana riƙe da huɗu. Tsofaffin maƙeran Turai sukan yi layi ɗaya na masu ƙusa, layi ɗaya na zobban da aka fafe daga faifan ƙarfe ba su da baki sam, don rage wahala. Riga ɗaya takan ci zobe dubu ashirin ko fiye, nauyinta kilo 10 zuwa 14, shi ya sa ake ɗaura ɗamara a ƙugu ta raba kaya da kafaɗa. Zoben da aka haɗa bakinsa kawai ba ƙusa, irin wanda kake son yi saboda sauri, tsinin mashi ɗaya zai buɗe shi. Ba na son ganinsa a maƙerata.

Abin da fim ya fi ɓoyewa shi ne rigar ciki. Sulke yana hana kaifi yanka, amma ba ya hana duka karya ƙashi. Sai da riga mai kauri, cushe da auduga ko ulu, a ƙarƙashinsa. Alƙali Bahauddin ibn Shaddad, wanda yake tare da Salahuddin, ya rubuta cewa a tafiyar da ta kai ga yaƙin Arsuf a 1191 ya ga dakarun Faranjawa, wato Turawan Salibiyya, da kibiya har goma a kafe a bayansu suna ci gaba da tafiya, saboda kaurin rigunansu. Mu ma mun san haka: tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, ukun tare.

Sai maganar zamani, wadda ita ce take ci mini rai. Baraden da suka ci Ƙudus a 1099 sulke ne a jikinsu da kwalkwali mai kare hanci. Garin Akka, babban sansaninsu na ƙarshe a Sham, ya faɗi a 1291. Babbar annobar ta shiga Turai a 1347, lokacin an fara ɗora faranti a gwiwa da gwiwar hannu da ƙirji a kan sulke. Rigar ƙarfe mai sheƙi daga kai har ƙafa sai bayan 1400. Farautar mayu mai tsanani kuwa ta fi ƙamari tsakanin 1560 da 1630, kuma dubban matan da aka ƙona ba su ji ba ba su gani ba. Masu fim sukan cakuɗa waɗannan ƙarnuka a tukunya ɗaya. Aljani da tsafi na mai labari ne, ya yi yadda ya so. Ƙarfe kuwa namu ne, in aka kawo maka aiki ka fara tambayar shekarar da labarin ya faru kafin ka hura wuta.

Wancan sulken da aka kawo jiya ya yi tsatsa a hammata. Zuba shi a buhu da yashi ka yi ta mirginawa, sannan ka shafe shi da mai. In ka gama ka ƙirga mini zobban da ƙusarsu ta fita, gobe da safe da su za mu fara.