Maganin da ke toshe makunnin gadon bakteriya: ina aka kwana?

Ɗan'uwa daga Zangon Kumasi, ka tambaya ko za a iya yin maganin da zai hana bakteriya kunna ƙwayoyin gadonta, maimakon fasa mata bango kamar fenisilin. Ana iya yi, har muna da irinsa a hannu. Maganin rifamfisin yana kama injin da ke kwafe DNA zuwa RNA, matakin farko na kunna ƙwayar gado. Da shi ake maganin tarin fuka da gyambon Buruli. A Buruli ana ba da miligiram 10 kan kowane kilo na nauyin jiki kullum, haɗe da kilaritromaisin, mako 8.

Sabon salo kuwa makunnin ake nema. A 2015 masu binciken Merck suka bayyana wani sinadari mai suna ribosil. Bakteriya na da wani lanƙwasasshen RNA da ke rufe gadon haɗa bitamin B2 idan ya wadata; shi ne makunnin. Ribosil sai ya zauna a gurbin da ke jikin RNA ɗin, ƙwayar ta ɗauka ta ƙoshi, ta daina haɗawa, girma ya tsaya. Ga gwajin tabbatarwa: ka zuba bitamin B2 a farantin renon. In ƙwayar ta farfaɗo, maganin ya sami inda aka nufa.

Matsalolin ba ƙanana ba ne. Harafi ɗaya ya sauya a makunnin, maganin ya daina kamawa. Haka sauyi a gadon rpoB, mai haɗa wani sashe na injin kwafin nan, ke karya rifamfisin, shi ya sa ba a ba da shi shi kaɗai a tarin fuka. Sannan bakteriya irin su E. coli na da fata biyu masu tare shigar magani, da famfunan fitar da shi.

In bincike kake so, nemi cibiyar binciken cututtuka ta KCCR da ke jami'ar KNUST a Kumasi, sun daɗe a kan Buruli.