Amsa ga mai shirin kai iyali Turai: fas ɗin Eurail ko tikiti ɗaiɗai?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.

Ka ce za ku sauka Paris a watan Agusta, kai da Hajiya da yara uku, mai shekara 3 da mai 9 da mai 13. Kwana goma sha biyu gare ku, kuma kuna son zaga Brussels da Amsterdam da Kolon ta Jamus a jirgin ƙasa, in da hali har Landan da Rum. Kana tambaya ko fas ɗin Eurail, wato tikiti guda da ake hawa jiragen ƙasa na ƙasashen Turai da shi na wasu kwanaki, za ka saya ko tikiti ɗaiɗai, da kuma yadda ake fama da yara da kaya a hanya.

Kafin a zo kan tikiti, a rage garuruwan. Cire Rum. Daga Paris zuwa Milan kaɗai kusan awa bakwai ne, daga Milan zuwa Rum ƙarin awa uku, ga yarinya 'yar shekara uku a hannu. Wuni biyu za ku ɓatar a zaune, zuwa da dawowa. Landan kuwa matsalarta takarda ce. Birtaniya ba ta cikin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, bizarta daban ake nema, kuma tun a tashar Gare du Nord ta Paris ake duba fasfo kafin mutum ya kusanci jirgin. Akwai tarko na biyu da mutane da yawa ba sa lura da shi: idan bizar Shengen ɗinku ta shiga ɗaya ce, da zarar kun tsallaka Landan ta mutu, ba ku da hanyar komawa Paris ku hau jirgin gida. Abin da ya rage shi ne zagaye mai sauƙi. Paris zuwa Brussels awa ɗaya da minti 22, Brussels zuwa Amsterdam kusan awa biyu, Amsterdam zuwa Kolon awa biyu da minti arba'in ko kusa da haka, Kolon zuwa Paris awa uku da 'yan mintuna ashirin. Tafiya huɗu ke nan, babu wadda ke buƙatar canjin jirgi. Ofishin jakadancin da za ka nemi biza shi ne na ƙasar da za ku fi yawan kwana, don haka a tsara yadda kwanakin Faransa za su rinjayi sauran tun da can za ku sauka.

A wannan zagayen, fas ba zai yi maka riba ba. Fas ɗin Eurail na kwana huɗu cikin wata ya doshi Yuro 300 ga babba ɗaya a aji na biyu. Gaskiya ne mai shekara 9 kyauta ake ba shi fas, domin 'yan shekara 4 zuwa 11 ba sa biya in suna tare da babba, amma mai 13 sai an saya masa na matasa. Sannan fas ɗin ba ya ba ka kujera a jirgin Eurostar, wanda shi ne za ku hau daga Paris zuwa Brussels da kuma daga Kolon zuwa Paris. Kowace kujera sai ka ƙara biyan wajen Yuro 30, har da ta yaron da fas ɗinsa kyauta ne, kuma kujerun da ake ware wa masu fas ƙidayayyu ne, a Agusta suna ƙarewa da wuri. Alhali tikitin Paris zuwa Brussels, in an saya da wuri, daga Yuro 29 yake farawa. Ka ga kuɗin kujerar mai fas ya kai kuɗin tikitin gaba ɗaya. Inda fas ke da amfani shi ne ga mai yawo a Jamus da Ostiriya da Suwizalan, inda ake shiga yawancin jirage ba tare da kama kujera ba, ko ga wanda bai tsayar da ranakunsa ba.

Saboda haka ka sayi ɗaiɗai, kuma tun wata uku ko huɗu kafin tafiya, domin farashin hawa yake yi kamar na jirgin sama. Matsalar ita ce tikiti mai araha ba a cika mayar da kuɗinsa ba, kai kuma kana jiran biza. Dabarar da ta fi ita ce a nemi bizar da wuri, tun da ana karɓar takardu tun wata shida kafin ranar tafiya, a sayi tikitin a makon da fasfo ya dawo.

Wurin da ka sayi tikitin ma yana canza kuɗin, saboda kowane kamfani da nasa lissafin shekarun yara. A Eurostar, ƙasa da shekara 4 kyauta ne amma a cinya, 4 zuwa 11 farashin yara, mai 13 kuwa ya fita daga sahun yara. A wurin kamfanin Jamus, Deutsche Bahn, yaro har zuwa shekara 14 kyauta yake tafiya tare da iyayensa, da sharaɗin an saka shi a tikitin lokacin saye. Wanda aka manta ba a saka ba, sai an saya masa nasa. Don haka tafiyar Amsterdam zuwa Kolon ka saye ta a manhajarsu ta DB Navigator, ka shigar da shekarun kowane yaro daidai. A nan ne kuma za ka kama kujeru, wanda a lokacin hutun bazararsu akan wajabta a jiragen da ke tsallaka iyaka. Nemi Kleinkindabteil, wani ɗan ɗaki ne na masu ƙananan yara, da ƙofarsa da wurin ajiye keken jariri. In an riga ka, nemi Familienbereich. Wanda za ka guje wa shi ne Ruhebereich, taragon masu son shiru, inda ko kukan minti biyu sai an juyo an kalle ku. Ita kuma ƙaramar, riƙon cinya na awa ɗaya da 'yan kai ba komai ba ne, amma na Kolon zuwa Paris ka saya mata kujerarta, Hajiya za ta yi maka addu'a.

Daga Brussels zuwa Amsterdam akwai jirgin Eurocity Direct, wanda ba a kama kujera a cikinsa kuma sau da yawa ya fi Eurostar sauƙin kuɗi. Sai dai a tashar Amsterdam Zuid yake tsayawa, ba Centraal ba. Duba inda masaukinku yake kafin ka zaɓa.

Wajen biyan kuɗi, gwada katinka tun kana gida. Ba kowane katin naira ke wucewa a shafukansu ba, na dala ya fi tabbas. Kuma lambar tabbatarwa da banki ke turowa layinka na gida take zuwa, don haka kar a bar wannan layin a durowa a tafi.

Sunayen tashoshi na rikita baƙo. Paris ba tasha ɗaya gare ta ba, amma ku taku Gare du Nord ce, zuwa da dawowa, kuma jirgin RER B daga filin Charles de Gaulle kai tsaye yake kai ku can cikin kusan rabin awa. A Brussels za ka ga Bruxelles-Midi a wani allo, Brussel-Zuid a wani. Tasha ɗaya ce, sunan Faransanci da na Holanci. A Kolon za ka ga Köln Hbf, wadda kana fitowa babbar majami'ar nan mai tsayin mita 157 ke tsaye a gabanka, da kuma Köln Messe/Deutz da ke tsallaken kogin Rhine. Wasu jiragen a can suke tsayawa, karanta tikitinka da kyau. Layin da jirgi zai tsaya shi ne Voie a Faransa, Spoor a Holan, Gleis a Jamus. Tarago kuma Voiture ko Wagen, kujera Place ko Platz.

Yanzu sai maganar kaya, wadda ita ce ke ɓata wa iyali tafiya fiye da komai. Ba a auna nauyi, ba kuma mai ɗaukar maka. Babu ɗan dako a tashar. Eurostar ya yarda wa babba akwati biyu da jakar hannu, amma kar wannan ya ruɗe ka. Ma'aunin gaskiya shi ne abin da kai da mai shekara 13 za ku iya ɗagawa lokaci guda ku hau matakala biyu ko uku na ƙofar jirgi, Hajiya na riƙe da ƙananan. Akwati matsakaita biyu ko uku, jakar goyo ga kowa, da keken jariri mai naɗewa da hannu ɗaya. Ghana-mas-go da manyan akwatunan nan na Umara a bar su a gida. A liƙa suna da lambar waya a jikin kowane akwati. Tsaraba kuma a bar ta sai kwanakin ƙarshe a Paris, don kar a yi ta jan ta daga gari zuwa gari.

A tashar da ba ta ƙarshe ba, jirgi minti biyu zuwa biyar yake tsayawa, kuma ba ya jiran kowa. Ga yadda ake yi. Ku isa minti talatin kafin lokaci. A kan dandamali akwai allo mai zanen jirgin, yana nuna a gaban wane harafi kowane tarago zai tsaya, A ko C ko E. Ku je ƙarƙashin harafinku ku tsaya tun jirgin bai iso ba, keken a naɗe. Wannan yana da muhimmanci domin wani lokaci jirage biyu ake haɗawa baki da baki, kuma babu hanyar wucewa daga ɗaya zuwa ɗaya ta ciki. In ya tsaya, ƙofar ba ta buɗe kanta sai an danna maɓalli. A bar masu sauka su gama. Hajiya ta fara shiga da ƙaramar, sai mai 9, sai mai 13 ya tsaya daga ciki yana karɓar akwatuna, kai ne na ƙarshe. Wajen sauka a juya: kai ne gaba, kaya su biyo, Hajiya ta rufe baya. A tashi a tsaya bakin ƙofa tun saura minti biyar. Kuma a gaya wa yaran tun a masauki: wanda ya ga an rabu da shi ya tsaya cak inda yake, in a cikin jirgi ne ya nemi mai duba tikiti. Kowanne da takarda a aljihu mai lambar wayarka da sunan masauki.

Lokacin cunkoson shiga ɗin nan shi ne kasuwar 'yan sane, musamman a Gare du Nord da Midi. Fasfo da kuɗi a jakar da ke rataye a ƙirji, ba a aljihun kaftani ba, wanda a buɗe yake. Fasfon kuma ya kasance a jikinku kullum, domin tun Satumban 2024 Jamus ta dawo da bincike a iyakokinta, 'yan sanda kan shigo jirgi su tambaya. A Holan akwai shinge a ƙofar tasha, sai an haska lambar tikiti yake buɗewa, shiga da fita. Bi ta faffaɗan da keken, kuma ka buga tikitocin a takarda ko da wayar za ta mutu.

Jiragen Jamus sun yi suna wajen latti, ba kamar yadda ake ba mu labari ba. A dokar Tarayyar Turai, latti na minti 60 ana mayar da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti, na minti 120 kashi 50. Tikitin Sparpreis, wato mai rangwame na Deutsche Bahn, a ɗaure yake da jirgi guda, amma in ana hasashen lattin zai wuce minti 20, ɗaurin ya kwance, kana iya hawa wani. In kuma za a canja jirgi a hanya, a sayi tafiyar duka a tikiti guda, domin in tikiti biyu ne daban kuma na farko ya makara, na biyun ba dole ne a tausaya maka ba.

Abinci: ana shiga da shi jirgi, kuma ya fi sayen na ciki, wanda ga tsada ga naman alade a yawancin burodin. Kalmomin da za a kiyaye su ne porc, jambon da lardons a Faransanci, Schwein, Schinken da Speck a Jamusanci, varken, ham da spek a Holanci. Kilishi da dambun nama kar a ɗauko su daga gida, an hana shigo da nama da kayan madara daga wajen Tarayyar, ƙwacewa za a yi a filin jirgi, wataƙila har da tara. Ba za ku rasa halal ba. Château Rouge tasha biyu ce daga Gare du Nord a layi na 4 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, kasuwar 'yan Afirka ce sosai. A gefen Midi akwai gidajen abincin 'yan Maroko da babbar kasuwar safiyar Lahadi, a Kolon kuma titin Keupstraße na Turkawa. Shagunan Jamus a rufe suke ranar Lahadi, sai na cikin tasha.

Salla ita ce ke buƙatar shiri, don yawancin tashoshin ba su da masallaci. A yi alwala a masauki, a tambayi malami hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun kafin a tashi. A Agusta rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, saboda haka jirgin ƙarfe goma na safe ya fi dacewa: kun isa kafin Azahar ta yi nisa, ɗaki ya kusa samuwa, yara ba su gaji ba. Kar a shimfiɗa darduma a bakin ƙofar tarago, hanyar mutane ce. Juma'a in ta same ku a Paris akwai Babban Masallacin da aka buɗe a 1926, a Kolon kuma na unguwar Ehrenfeld. Bayan gida na tasha kuɗi ne, wajen Yuro ɗaya, na cikin jirgi kyauta amma ruwansa ba na sha ba ne, kuma babu buta, sai a riƙe 'yar gorar roba.

Masauki a neme shi kusa da tasha, a tambaya ko akwai lifta, kuma a faɗi adadinku na gaskiya, domin mutum biyar ba a barin su a ɗakin otal na mutum biyu ko uku. Ɗakuna biyu ko gidan haya mai kicin.

Tafiyar Kolon zuwa Paris kar ka ɗora ta a ranar da jirgin gida zai tashi. Yajin aiki ko gyaran layi ɗaya ya isa ya jawo maka asarar tikitin mutum biyar. Ku koma da kwana biyu a hannu, a yi sayayyar tsaraba a natse. Ranar tafiya filin jirgi kuma, tun da akwatuna sun ƙaru, ka kira babbar tasi mai ɗaukar mutum biyar tun daren jiya, ka faɗa musu akwai ƙaramar yarinya don su zo da kujerarta.