In raba tun ina da rai, ko in bar wakafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Zinder, na haura shekara sittin, kuma Allah Ya hore mini shaguna da gidajen haya. Wani aminina ya ce in riƙa rabawa tun ina gani da idona, wani kuma ya ce in tsayar da wakafi mai daɗewa bayan raina. Ƴaƴana ba su ce komai ba, amma na san kunnensu na nan. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya ƙara buɗi. Mu fara gyara abu ɗaya: wakafi, wanda malamanmu na Malikiyya suka fi kira hubusi, shi ma da rai ake yin sa. Sayyidina Umar da lafiyarsa ya tsare gonarsa ta Haibara, bayan Annabi (SAW) ya shawarce shi ya riƙe asalin ya sadaukar da amfanin: ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado.

A mazhabarmu akwai sharaɗin da attajirai da yawa ke tuntuɓe da shi, wato sakin hannu. In ka ce shaguna uku wakafi ne, amma kuɗin haya na shiga aljihunka har ciwon ajali ya zo, ko bashi ya cinye dukiyar, to hubusin ya ɓaci, shagunan sun koma gado ko hannun masu bashi. Abin da aka yi kan gadon ajali kuwa, ko ta wasiyya, ba ya wuce sulusi sai da yardar magada. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya so ya ba da fiye da haka, aka tsayar da shi a sulusi, aka gaya masa barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙon mutane. Ka ga shirun ƴaƴan naka yana da madogara.

Ni dai ga yadda nake ba da shawara. Mai yunwa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma tiyar hatsi ta tashi, ba zai jira ribar wakafi ba. Mara lafiyar da ke kwance a asibiti ma haka. Waɗannan daga ribar shekara za ka biya musu, yanzu. Zakka kuma hakkin masu ita ce, hannunsu ake sa ta, kada ka gina wakafi da ita.

Amma abin da ke neman gyara kullum, shi ne ke son wakafi. Kowa ya san Damagaram da ƙishin ruwa in bazara ta kama. Haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, ba shi ne wahalar ba. Wahalar na zuwa ranar da inji ya mutu, mai sadakar ya rasu, unguwa kuma kowa na kallon kowa. Na fi son ka haƙa biyu ka ɗaura musu hayar shago guda don gyara, da ka haƙa biyar ka bar su marayu. Makarantar allo ma haka take: gini ba ya ciyar da malami.

Kada kuma ka tsare tsabar kuɗi su kwanta. Wanda ya ga 1994, shekarar da aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Shago, gida ko lambu sun fi.

Akwai masu ganin a ƙarar da komai da rai. Ba'amurke Chuck Feeney ya raba wajen dalar Amurka biliyan 8, gidauniyarsa ta rufe a 2020. In kana tsoron amanar na baya, ba sai ka je can ba: Malikiyya ta halatta hubusi na ƙayyadadden lokaci, a ce shekara goma ko ashirin, daga nan abin ya dawo gare ka ko magadanka.

Ka fara da shago ɗaya bana. A rubuta gaban shaidu, a faɗi wa zai ci amfanin, nawa za a ware na gyara, wa zai kula da shi da ladan aikinsa, da wanda zai karɓi kulawar bayansa. Ka zaunar da ƴaƴanka su ji daga bakinka, sannan ka miƙa makulli, ka zuba ido shekara biyu kafin ka ƙara na biyu.