Tambayoyinku Kan Lafiyar Dawaki: Abin Yi Kafin Likita Ya Iso Barga

Likita, barka da aiki. Ingarmana yakan tashi da ciwon ciki, ya riƙa tonon ƙasa yana waiwayen cikinsa, har da birgima. Gonarmu da nisa da gari. Mai kula da shi yakan ɗura masa man gyaɗa da kanwa. Daidai ne? Daga wani mai karatu a Katsina.

Alhaji, a daina ɗurar nan daga yau. Dokin da ciwo ya sha masa kai ba ya haɗiya yadda ya kamata, kuma in aka ɗaga kansa sama aka zuba, man yana iya zarcewa huhu. Sai ciwon cikin ya lafa, bayan kwana biyu zazzaɓi da tari su taso, a rasa dokin ta wata hanyar. Mu in za mu ba da ruwa ko mai, roba muke zurawa ta hanci har cikin tumbi, sai mun tabbatar inda ta tsaya kafin mu zuba komai. Robar tana da wani amfanin ma: doki ba ya amai, don haka in iska da ruwa suka cika masa tumbi, ta nan ake rage su kada tumbin ya fashe.

Ga abin da za ka yi. Kwashe harawa da hatsin da ke gabansa. In yana neman birgima, a ja shi a riƙa zagayawa da shi a hankali, ba sukuwa ba. In kuwa ya kwanta shiru, ƙyale shi ya huta. Sannan ka kira likita nan take, kuma ka kira shi da bayani a hannu. "Doki ba lafiya" ba ta gaya mini abin da zan ɗauko a mota. Ɗora tafin hannunka a ƙirjinsa bayan gwiwar ƙafar gaba ta hagu, ka ƙirga bugun zuciya na daƙiƙa 15, ka ninka sau 4. Lafiyayyen doki yana tsakanin 28 da 44 a minti ɗaya. In ya haura 60, ka faɗa mini tun a kalmar farko, don zan bar duk abin da nake yi. Ɗaga leɓensa ka dubi dasashi: ya kamata ya zama da ɗan ja mai haske da damshi, ba jawur ba, ba fari fat ba. Ka gaya mini yaushe ya yi kashi na ƙarshe, da abin da ya ci jiya.

Tambayar nan ta ƙarshe ita ke tona asiri. Sau da yawa sai ka ji sallah ta gabato, ana so doki ya yi ƙiba don hawa, aka ninka masa gero da dusa dare ɗaya. Tumbin doki ƙarami ne, an halicce shi ya riƙa tsintar ciyawa kaɗan-kaɗan yini guda. Duk canjin abinci a yi shi sannu a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ruwa kuma kada ya yanke. Doki yana shan lita 25 zuwa 50 a rana, da bazara ma ya fi haka. Busasshiyar harawa ba isasshen ruwa, toshewar hanji ke nan.

Kada a yi masa allurar kashe zafi kafin a yi magana da likita. Tana ɓoye alamun da muke dubawa, kuma irin su flunixin ta jijiya ake yin su, in aka soka a tsoka suna iya jawo mummunan kumburi.

Kaska ta addabi goɗiyata. Ina da ragowar maganin da nake wanke shanu da shi, in yi mata? Daga Azare.

Malam, karanta jikin kwalbar tukuna. In ka ga an rubuta amitraz, kada ya taɓa jikinta. Shanu suna ɗaukarsa lafiya, amma a doki yana tsayar da motsin hanji, sai ka ga ta yi lakwas tana layi, kashi ya ɗauke. Doki ba saniya ba ne, kuma wani kiran gaggawar da ake yi mana a gonakin da ake haɗa kiwo daga wannan zaton yake fitowa. Haka abincin kaji: wani ana sa masa wani magani mai suna monensin, ɗan kaɗan daga cikinsa yana lalata zuciyar doki.

Ka nemi likita ya zaɓa maka wanda ya dace da dawaki, ka kuma riƙa cire kaskar da hannu a kunnuwa, ƙarƙashin wutsiya da tsakanin cinyoyi. In ta fara rama, ga zazzaɓi, farin ido ya koma rawaya, a ɗebi jininta a gwada, don kaska tana sa ciwon da ke farfasa ƙwayoyin jini.

Dokina ya taka ƙusa, mun cire, mun ƙona wurin. Yanzu yana ɗan ɗingishi kawai. Sai na kira likita? Daga Zariya.

Ƙwarai kuwa, kuma yau. Ramin ƙusa a kofato ƙarami ne a ido, amma yana da zurfi kuma iska ba ta shiga, irin wurin da ƙwayar cutar tetanus, mai sandarar da jiki, ke so ke nan. Tana nan cikin ƙasa da kashin dabbobi, doki kuma yana cikin dabbobin da ta fi kamawa. Alamun sukan ɗauki mako ɗaya zuwa uku: jiki ya sandare, kunnuwa su miƙe ƙyam, wutsiya ta ɗago, baki ya ƙi buɗuwa. In an kai nan, yawanci ba a tsira. Likita zai buɗe ramin ya wanke, ya ɗaure, ya yi allurar kariya ta gaggawa. Rigakafin kansa allura biyu ne, tsakaninsu mako 4 zuwa 6, sannan a riƙa maimaitawa. Tunda kana Zariya, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da kai in ana buƙatar hoton ƙafar.

Ƙarshen damina maƙwabcina ya rasa dawakai biyu. Saman idonsu ya kumbura, ɗaya har kumfa ta fito masa ta hanci. Nawa suna cikin haɗari? Daga Maraɗi.

Allah ya mayar masa da alheri. Abin da ka kwatanta ya yi kama da cutar dawakai ta Afirka, amma gwajin jini ne zai tabbatar. A Najeriya akan aika samfur cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke jihar Filato, kai kuma ka sanar da ma'aikatan kiwo na yankinku, don cuta ce da doka ta ce a kai rahotonta. Ba ta tsallakawa daga doki zuwa doki kai tsaye. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne masu cizo daga magariba zuwa wayewar gari suke ɗaukarta, suna hayayyafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai taki. Ba ta da magani, sai jinya da cikakken hutu, don haka dokin da ya yi zazzaɓi a wannan lokaci kada a ɗora masa sirdi ko don kilisa.

Ka shigar da naka ɗaki kafin faɗuwar rana, ka sa raga mai ƙananan ƙofofi, don ragar sauro ta yau da kullum ba ta tare ƙwarin nan. Ka kwashe taki, ka gyara inda ruwa ke kwanciya kusa da turke. Ka sayi ma'aunin zafin jiki ka riƙa auna dawakin ta dubura kowace safiya: digiri 37.5 zuwa 38.5 shi ne daidai. In ya kai 39, kira likita. Ka kuma tambaye shi batun rigakafi tun kafin damina mai zuwa ta sauka, ku haɗa kai da maƙwabta ya zo muku rana ɗaya, ku raba kuɗin man motarsa.