Wane aji zan shiga don koyon haɗa sarƙar duwatsu?

'Yar'uwa, kin ce azuzuwa biyu ne a gabanki, ɗaya na sati guda mai araha, ɗaya na wata uku mai tsada, kina neman shawara.

Kafin maganar kuɗi, je ki ga aikin hannun malamar da idonki, ba hoton WhatsApp ba. Ɗauki sarƙar da ta haɗa, ki juya bayanta, ki duba wajen maƙulli. Nan ne sarƙa take tsinkewa. In kika ga ƙullin zare a waje, ko bakin waya yana cizon yatsa, to abin da za ta koya miki ke nan. Ki kuma tambaya ko kowace ɗaliba tana riƙe filaya da kanta, domin wannan sana'a ba a koyonta da kallo.

Sati guda ya isa ki iya zura duwatsu a zaren kamun kifi, ki yi jigida da awarwaro. Saƙa mai hawa-hawa irin ta amare, da jaka, da lanƙwasa wayar ɗan kunne, waɗannan sai an zauna. In sana'a kike nufi, ni dai na wata ukun zan ce ki shiga.

Abin da ya fi damuna shi ne malamar da take ɓoye inda take sayen kaya. Ta kirki za ta kai ku kasuwa, in a Kano ne ku shiga Kurmi, ta nuna muku bambancin murjani da roba, da dutsen da fentinsa yake zuba in ya sha gumi. Ki kuma ji ko kuɗin ajin ya haɗa da kayan aiki, kuma ko za ta koya miki lissafin farashi.