Tambaya da Amsa: Zan iya ɗaura wa mashin ɗina na'urar riƙe gudu?

Filin namu na waya da kwamfuta ne, amma a wannan makon saƙonni uku suka faɗo mini a kan babur. Zan amsa su, domin na'urar da ake magana a kanta ƙaramar kwamfuta ce, kuma a intanet masu tambayar suka ci karo da ita.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Bauchi, iyalina kuwa suna Gombe. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci nake hawa Bajaj Boxer ɗina in tafi gida, in juyo ranar Lahadi. Kafin in kai Alkaleri hannuna na dama ya sage, yatsuna kamar ba nawa ba. Na ga wata 'yar na'ura a Facebook, wai kurus kwantirol ce, kana maƙala ta a totur mashin ya riƙe gudunsa da kansa. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da hanya. Wanda yake cin kilomita wajen 150 a kan Boxer sau biyu a mako ya cancanci a ba shi amsa ba ƙumbiya-ƙumbiya. Kada ka saya. Ga dalili.

Abu biyu ne ake kira da suna ɗaya, kuma ba su haɗa hanya ba. Kurus kwantirol na gaskiya yana da sassa uku. Akwai sansa mai ƙirga juyawar taya, akwai 'yar ƙwaƙwalwa mai kwatanta gudun da kake yi da wanda ka zaɓa, sannan akwai ƙaramin inji mai jan igiyar totur ko sassauta ta. Idan ka saita shi a kan 60 ka shiga hawa, zai ƙara wa mashin mai. Ka fara gangara ya rage. Abu mafi muhimmanci kuwa, da zarar ka taɓa birki ko ka kama kulochi, nan take zai saki totur ya bar maka mashin ɗinka.

Wannan da ka gani a Facebook, na roba ko na ƙarfe da ake maƙalawa kusa da mariƙi, ba ya auna komai. Maƙale totur kawai yake yi a inda ka bar shi, ya hana sifirin mayar da shi. Totur yake riƙewa, ba gudu ba. A hawa mashin zai yi sanyi, a gangare ya kwashe da kai. Kuma mafi yawansu ba ruwansu da birki. Kana danna birki, inji yana ci gaba da shan mai yana tura ka gaba, har sai ka tuna ka murɗa totur baya da hannunka.

Na gwada irinsa da kaina, wani abokina ya yo odarsa ya ba ni in ɗana. A wani gangare bayan Dindima na ji mashin yana ƙara wuta ba da iznina ba, ga kuma wasu awaki sun fito daga gefen gona. Na saki totur kamar yadda hannu ya saba shekara da shekaru, sai na ji bai koma ba. Ƙarar injin tana nan yadda take. Allah ya kiyaye, awakin suka juya, amma da na tsaya sai da na zauna a gindin wata bishiya ƙafafuna suka daina rawa. A nan na kwance abin na jefa shi a aljihu.

Ka yi lissafin da kanka. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa ɗaya da za ka ɓata kana tuna cewa totur a maƙale yake, ka wuce tsawon motoci ƙanana uku ko huɗu. Waɗanda suka ƙirƙiro irin wannan kaya sun yi shi ne don miƙaƙƙun titunan da mutum zai yi awa guda bai taɓa birki ba. Kai kuwa ka fi ni sanin hanyar Bauchi zuwa Gombe: ramuka, garken shanu, yara 'yan talla a bakin ƙauye, tudun rage gudu da babu alama, ga manyan motoci masu lodin siminti da tankokin mai. Minti nawa kake yi a jere ba ka sauya gudu ba?

Na gaskiyan ma ba zan ba ka shawarar sa wa Boxer ba. Batirinsa ƙarami ne, wutar da injin yake samarwa ta fitila da hon ce, mitar gudunsa da igiya take aiki ba da lantarki ba, kuma kuɗin na'urar da na shigo da ita za su iya kamo rabin kuɗin mashin ɗin ko su zarce.

Ciwon hannun shi ne ainihin matsalarka, kuma yana da magani mai araha. Yawanci girgizar inji ce da matse mariƙi da ƙarfi. Ka sa bakanike ya zare igiyar totur ya zuba mata mai, in ta fara tsinkewa daga ciki a canza ta, domin igiyar da ta sha ƙurar hunturu tana sa hannu ya yi ta kokawa ba ka sani ba. A duba notocin da suka riƙe inji, a duba sarƙa. Ka canza robar mariƙi zuwa mai taushi, ka sa safar hannu. Akwai wata 'yar faffaɗar roba da ake sawa a mariƙi, tafin hannu ya kwanta a kai yatsu su huta. Ita ba ta maƙale komai, kana ɗaga hannu totur zai koma, sai dai ka juyar da ita gefe in ka shigo cikin gari. Sannan ka tsaya a Alkaleri ko Bara ka sha ruwa, ka yarfe hannu na minti biyar. In kuwa sagewar tana tashe ka da dare ko ranar da ba ka hau mashin ba, to ka ga likita, wataƙila jijiyar wuyan hannu ce ke neman kulawa.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Gombe. Ina da babban mashin na hannu da aka kawo mini daga Legas, ina zuwa Yola da Jos da shi. Na gaskiyan nake so, na lantarki. Mai wayarin ɗina ya ce zai iya haɗawa in na kawo kaya. Me ya kamata in sani?

Amsa: Alhaji, naka lamarin daban ne, mai yiwuwa ne, amma kafin ka tura ko sisi ka sunkuya ka dubi ƙarƙashin mariƙin dama. In ka ga igiya ɗaya ko biyu masu kauri sun fito sun nufi inji, galibi totur ɗinka na igiya ne. In kuwa siririyar wayar lantarki ce kawai, to irin na zamani ne wanda mariƙi yake aika saƙo ga ƙwaƙwalwar inji, ita kuma ta buɗe mai. Kayan wannan ba ya shiga wancan. A irin na zamani na'urar tana shiga tsakanin mariƙi da ƙwaƙwalwa ne ta soket, babu wani inji mai jan igiya. Wasu ma da abinsu suke zuwa daga kamfani, kamar Honda Gold Wing, da Africa Twin tun daga samfurin 2020, don haka ka duba maɓallan hannunka ko akwai mai rubutun SET da RES.

Akwai kamfanin MCCruise na Ostareliya da ke haɗa na'urar daidai da samfurin kowane mashin, har da soket-soket da suka dace da nasa. Akwai kuma ta Rostra ta Amurka, wadda asali don mota aka yi ta, masu babur ke dabara su ɗaura. Ta farkon ta fi tsada, amma ita zan zaɓa, saboda ba sai an yanka wayoyin mashin ba. Lokacin oda ka ba su sunan mashin da shekarar ƙira daidai, ka duba lambar jikin firam, kada ka dogara da abin da dillali ya faɗa maka.

Yanzu ga abin da nake so ka tsaya a kan mai wayarin ɗinka ya yi, ko da zai ce ka cika sa ido. Ya fara cire kan batir na nagetif. Wutar na'urar ta fito daga layin da ke mutuwa in an kashe makulli, kuma ta bi ta fis. Kada ka yarda da ɗabi'ar nan ta fere waya da haƙori a murɗa a naɗe da salatif. A liƙe wayoyin da dalma ko a sa soket, a rufe da roba mai tsukewa da zafi, domin girgiza da ruwan damina suna kwance duk abin da aka murɗa da hannu. In na igiya ne, a bar 'yar sararawa a igiyar, sannan a juya kan mashin hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe, inji yana sulo. In ƙarar inji ta ɗaga ko kaɗan, igiyar tana ja, a sake shimfiɗa ta. In na'urar ta zo da maganaɗisun da ake liƙawa a taya, a bi tazarar da takarda ta ce tsakaninsa da sansa.

Sai maganar birki, wadda ita ce ran aikin. Na'urar tana gane ka taka birki ne ta layin fitilar baya. Mashin da yawa a garin nan makunnin birkin gaba ko na baya ya daɗe da mutuwa mai shi bai sani ba, tunda ba ya ganin bayansa. Ka tsaya a baya da kanka, a matsa na hannu ka ga wuta, a taka na ƙafa ka ga wuta. Ga wani tarko kuma: in an canza ƙwan birki zuwa irin na LED, wasu na'urorin, musamman masu asali daga mota, suna rikicewa su ƙi kamawa, sai an ƙara musu rile, wato wani ɗan makunni da wuta ke kunnawa. Wani mai wayarin da ya ga ta ƙi, sai ya haɗe wayar birkin da bodi don ta yi aiki. Za ta kama kuwa, amma ba za ta ƙara sakin totur ba in ka taka birki. Wallahi na fi son ka rasa kuɗin kayan gaba ɗaya da ka hau mashin da aka yi wa haka.

Gwajin farko a yi shi a fili da rana, a ƙaramin gudu, babu kowa a baya. Ka kunna, ka taɓa birkin gaba, ka ji ta saki. Ka maimaita da na baya, da kulochi, da jan makunnin kashe inji. Ko bayan komai ya yi daidai, ba a kunna ta cikin ruwan sama, ko kan yashi, ko in ka doshi kasuwar Kumo ko Billiri.

Tambaya: Yaya, akwai manhajar waya da za ta riƙe wa mashin gudu? Na ga wasu a Play Store.

Amsa: Babu, ƙanena. Waya ba ta da hannun da za ta murɗa totur. Waɗanda ka gani mitar gudu ce ta GPS, kuma suna da amfani: za su nuna maka gudunka na haƙiƙa in mitar mashin ta mutu, wasu ma suna ƙara in ka wuce iyakar da ka sa musu. Wanda ya ɗaura na'urar riƙe gudu ta lantarki zai iya gwada ta da irin wannan manhaja.

Sai dai ka kula da inda kake ɗora wayar. A shekarar 2021 kamfanin Apple ya fitar da gargaɗi cewa girgizar injin babur, musamman manya, tana iya lalata sashen da ke daidaita kyamarar iPhone, kuma wayoyin Android masu tsada da yawa suna da irin wannan sashe. Alamar ita ce hoto ya riƙa rawa ko kyamara ta kasa tsayawa a kan abu. In kana da tsohuwar waya a gida, ita za ka ɗaura a kan mashin da mariƙi mai roba, GPS ba ya buƙatar layi ko data kafin ya nuna gudu. Mai tsadar kuma ka bar ta a aljihun gaba ka ja zif.